Kaka Ba Ta Taɓa Shayar da Kowa Ruwan Nan Ba

Jiya aka wuce da yayata asibiti tana zubar da jini. Maƙwabta ne suka ɗura mata ruwan tsiron kaffu Maryam tana naƙuda, wai haka marigayiya kakarmu take yi. Wallahi ƙarya suke mata, don sun ga ƙasa ta rufe bakinta!

Ni nake raka ta kasuwar Bab Makka da ke Jidda sayen busasshen tsiron nan mai kama da dunƙulallen hannu. Wasu su ce hannun Maryam, wasu na Fatima, ita dai sai ta shinshina, ta ce, "Halas, shi ne."

Ranar haihuwar ƙanena a farin kwano ta jiƙa shi, ɗakin ya ɗau ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta ce da Umma, "Kalli yadda yake buɗewa, 'yar nan, hankalinki ya kwanta. Na ido ne, ba na ciki ba." Da kanta ta zubar da ruwan.

Yayata ta farfaɗo, jaririn yana cikin kwalbar jarirai a asibiti. Allah Ya raya shi, Ya haskaka kabarin Kaka, Ya tsare sunanta daga masu jingina mata abin da ba ta yi ba.