Taɓaryar da Ta Buɗe Mana Rijiya

Mutanen Gozaki, yau daka ya samo mana ruwa a Gwanja!

Tun da Malam ya kawo mu Salaga fataucin goro, ruwa ne damuwata. Rijiyar kusa ta wata tsohuwa ce da ba ta jin Hausa. In ta hango tuluna sai ta kore ni. Ɗiyata Indo har kukan ƙishirwa take.

Da hantsi ina surfen gero, kewar gida ta taso. Na shiga yi irin namu: in cilla taɓarya, in tafa, in cafe. Sai ga tsohuwar ta faɗo ba sallama!

Indo ta ce, "Inna, dukanmu za ta yi?"

Ashe ɗaya taɓaryar ta nufa. Ta ɗauka, muka shiga lugude. Wallahi ko kuskure ɗaya! Tana cillawa, tana tafawa, hawaye na zuba.

Can ta dafa ƙirji ta ce, "Maska."

Na ce, "Iya, Maskarmu ta kusa da Gozaki?"

Wata maƙwabciya mai jin yaren garin ta ce tun tana ƙarama aka raba ta da gida. Baki ya manta, hannu bai manta ba.

Tsohuwa ta sunkuci tuluna ta yi gaba, sai rijiyarta. Yanzu haka Indo na wanka cikin kwatarniya, ta ƙi fitowa!