Wayar da Na Yanke a Bayan Rumbu

Akwai abu ɗaya da nake cewa da ma hannuna bai aikata ba. Ranar kasuwar Makarfi ce, lokacin saran rake, a shekarar da na shiga aji huɗu. Manya duk sun tafi kasuwa, gidanmu na Gazara ya yi tsit, sai kukan tantabaru. Na zaga bayan rumbu da wuƙar yankan kuɓewa, na ɗaga hannu na yanke waya kamu uku, na cusa a aljihu.

Wayar nan tana da tarihi. Mahaifina yana da rediyo guda ɗaya a turakarsa. Kakata, wadda muke kira Iya, idonta ya tafi, ɗakinta kuma can ƙarshen gida yake kusa da turken awaki. Sai mahaifina ya ɗauko wani mai gyaran rediyo daga Ikara, ya jawo siririyar waya daga bayan rediyon, ta bi kan katanga, ta ratsa bayan rumbu, ta shiga ɗakin Iya, aka haɗa ta da wata 'yar lasifika a cikin ƙwarya. Duk abin da Baba ya kunna, Iya na ji. In muka dawo daga makaranta, na kai wa awaki harawa, na ɗebo ruwa a rijiya, nakan tarar da ita tana ɓarar gyaɗa, kanta karkace wajen ƙwaryar, tana amsa wa mai karanta labarai da "Allah Sarki" kamar yana zaune a tabarmarta. Ni kuwa abin da ke raina motar kara ce. Yaran unguwarmu duk sun ƙera nasu, kuma wanda ya ɗaure tasa da jar waya shi ne gwani a filin makaranta.

Mahaifina ɗan fari ne. Iya ba ta kiran sunansa, ba ta roƙonsa komai, gaisuwarsu daga bakin ƙofa take ƙarewa. Ni ne abokin wasanta, "Maigida" take ce mini. Kwana biyu da yin ɓarnar ta kira ni ta ce, "Maigida, yaya ƙwaryata ta yi shiru? Ko kai ma ka daina ciyar da ni ne?" Tsoron bulala ya kama ni, na ce mata Baba ne ya cire, wai tana cinye masa batir. Can ta ce, "To, ya yi daidai." Ta laluba ta kife ƙwaryar.

Na san ba za ta taɓa tambayarsa ba, shi ya sa na zaɓi wannan ƙaryar. Baba ya ci gaba da kunna rediyonsa bayan la'asar, har yakan ƙara murya don tsohuwa ta ji sosai. Motata ta yi sati biyu ta karye. Iya ta rasu da daminar shekarar. Da aka zo yaɓen katanga Baba ya ga wayar a yanke, ya tsaya yana jujjuya bakinta a hannunsa, ya ce aikin ɓera ne. Ina tsaye riƙe da kwanon ƙasa, na bar ɓera da laifin.

Abin da ya tono mini wannan shi ne aikin da ɗana Nasiru ya yi watan jiya. Yana da shagon kwamfuta a ƙofar gidanmu na Makarfi, kuma tun tuni ya ja wayoyi daga shagon zuwa falo da ɗakinsa, sai an soka waya kafin a samu intanet. Sai ya zo da wani ɗan akwati mai ƙaho biyu, ya ce rauta ake kiransa. Ya soka wayar falo a bayansa, fitilu suka yi ta ƙyaftawa, ya sa masa lambar sirri, nan da nan wayoyin hannu na mutanen gida suka kama ba tare da an jona komai ba. Na tambaye shi ko ya kai ɗakin yayata Hadiza, wadda ta dawo wurinmu daga Kudan bayan rasuwar mijinta, 'ya'yanta kuma ta waya take ganin fuskarsu. Ɗakinta na ƙarshen gida ne, ginin ƙasa mai kauri. Nasiru ya ce, "Baba, can da ƙyar ne, bango ya tare. Amma ai Gwaggo ba ta yi magana ba."

Na zaunar da shi na ba shi labarin ƙwaryar Iya, shi ne mutum na farko da ya ji. Ya tashi ya koma shago ya ɗauko doguwar waya, ya jawo ta daga falo ta bin katanga, ya kafa akwatin a ƙarƙashin rumfar tsakar gida inda ruwa ba ya taɓawa. Ni da kaina na riƙe masa tsani. Ban bar wurin ba sai da na ji muryar jikarta ta fito daga wayar Yaya, tana cewa, "Hajiya, yau ina ganinki tar!"

A da, waya ɗaya ce, in ta yanke ana iya ganin inda ta yanke. Yanzu abin a iska yake tafiya, wanda bai samu ba babu alamar da za ta nuna. Na gyara wa Yaya, amma Iya ta tafi da zaton ɗanta ya ga batir ya fi ta.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in kun kawo irin akwatin nan gida, ku taka da ƙafarku zuwa ɗakin ƙarshe ku duba. Kada ku jira mai kunya ya yi magana.