Karawar Nazir da Sarkin Draf na Durumi

Jama'a, a gyara zama. Ga Mai Girma Ɗangoggo, Sarkin Draf na Durumi da kewaye, mai fada a gindin mangwaro, mai karagar benci ƙafa uku da bulo. Aikinsa na gaskiya dai ban ruwan fulawa ne a wani gida a Maitama. Daga wani ƙauyen Katsina ya zo Abuja leburanci, siminti ya cinye masa hannu, ya koma lambu. Da ya dawo ya yi la'asar, sai draf.

Nazir mai gyaran waya ko ganinsa ba ya so. Allon ya yi baƙi ƙirin da maiƙo. 'Ya'yan wasan murafan lemo ne, kuma mutumin ba ya tura ɗaya sai ya lashi yatsa da jan yawun goro. Ga dariya, ya ci ya yi, a ci nasa ya yi. A haka ya lallasa Nazir sau bakwai a jere, har Nazir ya rantse gaban jama'a in bai cinye tsohon nan kafin azumi ba, shi da gindin mangwaro har abada.

Wata huɗu Nazir yana buga draf shi da wayarsa, a shago, a kan tuwo, har a bayi. Ba daɗi yake ji ba, kamar mai haɗiyar maganin zazzaɓi yake yi, amma sai da ya cinye wayar a matakin ƙarshe.

Ranar karawa ya zo da hankici saboda murafan. Abin da bai lura da shi ba, waya haska masa take duk inda ci yake. Allon Ɗangoggo ba ya haska komai. Dokar wurin kuma, in ci ya zo maka ka tsallake, an ɗauke ɗanka. Sau uku Nazir na tsallake ci, Ɗangoggo na lasar yatsa yana ɗaukewa, yana yi masa sannu. Kafin 'yan kallo su gama zama an share shi.

Nazir ya miƙe yana goge hannu, yana tsaki.

"Baba, wallahi ba adalci. Wata huɗu ina fama da abin nan, ko rana ɗaya ban ji daɗinsa ba. Kai kuwa wasa kawai kake."

Ɗangoggo na jera murafai, ko kai bai ɗaga ba.

"To wa ya aike ka?"