Babur Ɗin Dattijon Utai

Kafin sunana ya ɓaci, ni ne mai tsaron filin ajiye babura da ke bakin kasuwar Wudil. Hukumar da ke kula da irin waɗannan filaye ce ta ɗauke ni, ta ba ni riga mai ruwan ɗorawa da lambobin ƙarfe bibbiyu: ɗaya a rataya a jikin babur, ɗaya mai shi ya tafi da ita. Ran Juma'a filin kan cika maƙil. Manoma daga Achika da Indabo su miƙo mini abin hawansu, su shige kasuwa ko waiwaye ba sa yi.

Da ƙaramin abu na fara. In kasuwa ta ɗau zafi, sai in zuƙi ɗan fetur a wannan tanki, in zuƙa a wancan. Ba wanda ya lura sai wani bakanike da ke gefen filin. Wata rana ya ce mini, "Kai da ke bakin kogi, me ya kai ka wanka da ludayi?" Shi ya ƙera lambobi irin na hukuma sak. Daga nan mutanensa su zo da lambar bogi, in sakar musu babur a gaban kowa.

Wanda ba na mantawa wani dattijo ne daga Utai. Ya kawo matarsa asibiti, ya ajiye babur ɗinsa a wurina. Da la'asar suka dawo, tana dafe da kafaɗarsa, ya miƙo lambarsa. Na ce ai ƙaninsa ya zo ya karɓa.

"Ɗana, ba ni da ƙani a duniya," in ji shi.

Bai zage ni ba. Ya daɗe yana kallon lambar a tafin hannunsa, sannan ya riƙe matarsa suka nufi tasha a hankali.

Ƙarar da ya kai ce ta sa hukumar ta turo jami'i cikin farin kaya, aka kama ni dumu-dumu. Bakaniken ya rufe shago ya gudu. Ni kaɗai na tsaya gaban alƙali.

A gidan yari ranar ziyara ta fi kowace rana tsawo. Ana kiran sunaye, ina jingine da bango. Mahaifiyata ce kawai ta taɓa zuwa. "Kana samun abinci?" ta tambaye ni.

Da na fito, Utai na nufa neman gafara. Na tarar da dattijon shi kaɗai a zaure.

"Ni na yafe maka," ya ce. "Matata ce dai ba ta duniya balle ka roƙe ta. Da babur ya tafi, zuwa asibitin ya gagare mu."

Yanzu yashi nake jida a bakin kogi, in ci abincina ni kaɗai. Na tuba ga Allah, ina kuma yi mata addu'a, ko sunanta ban sani ba.

Samari, in an ba ku tsaron kayan mutane, ku tsare da tsoron Allah, komai ƙanƙantarsa. Kada ku ce ƙarfe ne kawai. Ba ku san ran wa ke rataye da shi ba.