Hoton Kawu a Shafin Farko

Jiya mai tsire ya naɗe mini nama a tsohuwar jarida, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai. In aka miƙa masa jarida, yakan dafe manyan baƙaƙen da tafin hannunsa, ya bi gefen hoton da yatsa, ya ce, "Me suka yanke a nan?"

Ba haka kawai ya koyi wannan ba. Lokacin da ruwan madatsar Zobe ya fara cin gonaki, wani ɗan jarida ya sauka gidanmu. Kawu ya shimfiɗa masa buzunsa, ya sa aka dama masa fura, sannan ya kai shi bakin ruwa. Ya ɗaga hannu biyu yana nuna kukar gonar mahaifinsa da ruwa ya kai wa wuya, ɗan jaridar ya ɗauke shi hoto.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma na sayo jaridar, tana ta warin tawada. Ga Kawu a shafin farko, hannuwa sama. An yanke kukar daga hoton, an yanke ruwan. A bisa kansa an danƙara baƙaƙe: MANOMA SUN YI MURNA.

"Karanta mini, ɗana," in ji shi.

Na karanta. Ya ce, "Murna? Yaron nan fa ya sha furata."

Maƙwabtan da suka rasa gonaki suka ce an saye shi. Har ya rasu, wasu ba su ƙara gaishe shi ba.

Ya Allah, kai ka ga abin da aka yanke. Ka jiƙan Kawu, ka bi masa haƙƙinsa.