Igiyar Kurege da Gonar Baba

A gidanmu na Adabka, Kaka ba ta fara tatsuniya sai an sauke tuwo, wutar murhu ta koma garwashi. Lokacin ina aji shida. Wata rana Malam ya ba mu aikin kewayen fili da girman cikinsa, na yi ta rubutawa ina gogewa har takardar ta huje. Wallahi na gaji da lissafi tun ban san amfaninsa ba.

"Aje takardar ga, 'yar nan," in ji Kaka. "Ga wata nan ta taho muku."

Wai kurege da bushiya ne suka ci gadon fili. Kurege ya kawo igiya mai gaba arba'in, ya ce a kewaye wa kowa gonarsa da ita, ba cuta ba cutarwa. Tasa ya yi mata gaba goma kowane gefe. Ta bushiya kuwa ya ja ta siririya, tsawo sha takwas, faɗi biyu. Bushiya har da godiya. Da aka yi girbi kurege ya cika rumbu, bushiya ta tashi da 'yan dammuna.

"Igiya guda ta fa," Kaka ta ce. "To, ina geron bushiya ya tafi?"

Na jera tsakuwa layi-layi a ƙasa. Gonar kurege ta ci ɗari, ta bushiya talatin da shida. Nan take na gane abin da Malam ya yi mako yana faɗa.

Bayan shekara huɗu Kaka ta rasu. Dattawa suka zo raba gonarta tsakanin Baba da yayansa Baffa, suka kewaya da igiya yadda aka saba. Baba ya sami doguwar da ke bin bakin rafi. Na auna da taku, na buga lissafi sau uku, na je na sami Baba yana wasa fartanya.

"Baba, taka ba ta kai rabin ta Baffa ba."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ke ɗai kika zamna gaban murhunta? Na sani. Ba ni tsayawa gaban dattawa in ƙaryata yayana."

Geronmu ya ƙare tun kafin damina. A shekarar aka cire ni daga sakandaren Bukkuyum, kuma ban koma ba. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Na daɗe ina ganin wautar bushiya. Yanzu da na girma, na fi zaton ita ma ta iya lissafi, shiru kawai ta yi.