Koriyar Jif ɗin Yayana

A shekarun da sabulu da madara suka zama sai an bi layi, yayana ya sayar da shanu huɗun da Baba ya bar mana ya sayi mota. Bai shawarci kowa ba. Inna ma a bakin maƙwabta ta ji. Ni a lokacin ina aure a wani ƙauye gabas da Zakirai, sai da na zo ganin gida na tarar da ita a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Tsohuwar jif ce koriya mai dogayen ƙafafu, an kewaye bayanta da ragar ƙarfe, ƙofar direba kuma da igiyar guga ake ɗaure ta. A gwanjon wata ma'aikata ya samo ta a Kano, har da sauran tambari a jikin ƙofa, ya koɗe ba a gane zanensa.

Ya ce da ni, "Ke ba ki san mota ba. Wannan duk ƙafafunta huɗu ja suke yi. Rairayi, taɓo, burtali, ba inda ba ta shiga."

Wai zai riƙa ɗauko gero da gyaɗa daga ƙauyukan da manyan motoci ba sa iya shiga da damina. Da ya tsaya a nan, da ban ga laifinsa ba. Amma motar ba ta tashi sai da turi, ba ta ƙoshi da fetur, kuma duk inda ta kwana sai ta bar tabon baƙin mai. Shi kuwa tun muna yara ba mai son zufa ba ne. Mutumin da ake aikowa gona da fura ya shanye rabi a hanya, ina zai iya lodin buhu?

A zamanin, irin wannan motar ce take kawo masu kaki kasuwa. Su fasa shago, su fito da kayan da suka ce an ɓoye, su sayar yadda suka ga dama, mai kaya kuma ya sha bulala. Ranar da yayana ya shiga wata kasuwar ƙauye neman lodi, kafin ya kashe mota rumfuna sun watse. Masu tebur suna tura sukari ƙarƙashin tabarma, wani dattijo ya zo ya durƙusa yana ce masa ranka ya daɗe. Da bakinsa ya ba mu labarin, yana dariya har da hawaye.

Daga ranar bai ƙara neman lodi ba. Mai fenti ya ce zai mai da masa ita shuɗiya, ya ƙi. Ya ɗinka kaki, ya sayi baƙin tabarau. Sana'arsa ta koma ya tsaya a bakin kasuwa ya fito da gwiwar hannu ta taga, ya yi ta kallon mutane bai ce uffan ba. Kafin la'asar bayan motar ya samu zabi, ƙwai, tiyar wake, duk daga hannun mutanen da a gidajensu ba a ɗora tukunya sau biyu a rana.

Ya kawo wa Inna zabuwa, ta ce a fitar mata da ita daga gida.

Ya ce, "Inna, ni na ce da wani ni hukuma ne? Kyauta suke ba ni."

Ta ce, "Kura ma ba ta cewa ni ce kura. Ɗauke abarka."

Ni sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba na fita, wata tsohuwa maƙwabciyata ce take kai mini kasuwar garinmu, wadda take ci a bayan katangarmu. Wata ranar kasuwa, maigidana ya tafi cin rani, ina tsakar gida na ji guje-guje. Can sai ga tsohuwar ta faɗo zaure, zaninta jage-jage da mai, gwiwarta na jini. Ta ce hukuma ta zo, garin gudu ta faɗi, tulun man ya fashe. Tana kuka tana roƙona gafara, ita da ta haifi kamata.

Na ce, "Iya, wace irin mota ce?"

Ta ce, "Koriya, 'yar nan, mai raga."

Na yafa mayafi na fita, abin da ban taɓa yi da rana ba tun da aka kawo ni garin. Yayana na zaune a cikin motar, ya ɗaga haɓa. Na tsaya daidai tagarsa na ɗaga murya yadda na ƙarshen kasuwa zai ji.

"Yaya, sannu da aiki! Wace ma'aikatar ce ta ɗauke ka ba mu sani ba? Jama'a, ku fito, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shanun gadonmu ya sayar ya sayi wannan gwangwanin."

Ya cire tabarau yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ke, ki rufa mini asiri mana."

Ya murɗa makulli, motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Mutane suka fara fitowa daga bayan rumfuna suna kallonsa, ba wanda ya matso. Ƙarshe shi da kakinsa ya sauko yana cewa, "Bayin Allah, a taimaka a tura." Mahauta ne suka tura shi, ba don tausayi ba, don dai ya bar musu wurin.

Kada a zaci ya daina. Kasuwanni ya canza, ya koma can wajen da ba a san fuskarsa ba, har sai da fetur ya yi wuya motar ta zauna. Wani mai niƙa ya sayi injinta, maƙera suka kwashe sauran. Man tulun nan kuwa har yau bai ce mini komai a kansa ba.

Yanzu ya yi furfura, ana ce masa Alhaji. Bara a wajen sunan jikarsa na jiyo shi daga zaure yana gaya wa samari yadda suka yi fama da 'yan ɓoye kaya lokacin da yake aikin gwamnati. Samarin suna ta jinjina kai. Na nemi takalmana na tafi tun kafin a raba waina.